Ƙafar da Ta Yi Rawa Ranar Buɗe Masai

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Raya Tashar Lodin Albasa,
Hanyar Jega zuwa Aliero,
Jihar Kebbi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwar addini da ta zumunci, ina yi maka barka da aiki, kai da 'yan kwamitinka baki ɗaya. Ina gajiya, ina iyali, yaya kasuwa? Na ji an ce albasa ta yi daraja bana, ina taya ku murna daga nesa. Idan ka tambayi tawa lafiyar, daga gwiwa zuwa sama sai godiya. Daga gwiwar hagu zuwa ƙasa kuwa, ita ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Kai ka san ni, amma tunda wasiƙar a fili take, bari in gabatar da kaina ga wanda bai sani ba. Ni ne Garba na Gehuru, dillalin albasa, wanda 'yan tasha suka laƙaba wa Garba Lasifika saboda Allah ya hore mini murya bai haɗa mini da birki ba. Yanzu haka ina kwance a wani babban asibiti a Sakkwato, na ɗora takarda a kan farantin abinci ina rubutu. Likitoci suna shawara a kan ƙafata, ko a bar mini ita ko a yanke. Na aiko maka da saƙon baki ta hannun yayan matata, Malam Sahabi na Sarandosa, amsar da ta dawo kuwa ita ce ta hana ni yin shiru. Ga abin da ke tafe da ni.

Na ɗaya: rijiya da masai

Ka tuna lokacin da aka ba mu jiha. Kowa ya ɗauki kansa ɗan birni, mu ma 'yan tasha muka ce ba za a bar mu a baya ba. Direbobin kudu suna zuwa lodi suna ganin manyan mutane suna zagayawa bayan gonar gero da buta, abin ya zame mana abin kunya. Sai kwamitinka ya yanke shawarar a haƙa masai na zamani, mai ƙofar kwano. Da aka zo zaɓen wuri, aka ce a yi shi kusa da rijiyar tasha, don kada mai buta ya yi nisa: ya cika butarsa, ya shiga, ya fito, ya sake cikawa ya yi alwala, ga masallaci nan. Tsakanin bakin rijiyar da ramin masan bai kai tsawon gingimari ɗaya ba, kuma masan ne a tudu.

Ba zan ce ni na kawo shawarar ba, don ba a taɓa neman shawarata a kan komai ba sai farashin buhu. Amma ni na yaba ta. Ranar buɗewa ni na riƙe taro, na sa babbar riga mai aska, na kira ka uban ci-gaba, na ce ko a Birnin Kebbi ba su da dabarar haɗa ruwa da buƙata wuri ɗaya kamar mu. Da makaɗa suka saki kalangu, na shiga fili na taka rawa har hulata ta faɗi. Waɗanda suka gani sun ce ƙafar hagu ta fi ta dama iyawa.

Da na koma gida ina ba da labari ina hura hanci, maiɗakina Hassi ta dube ni ta ce, "Garba, mi kunka yi haka? Masai bakin rijiya, awa ɗaki da zaure? Mu Sarandosa ko turken jaki ba mu kahwawa nan." Na ce mata ita mutuniyar ƙauye ce, ba ta san sha'anin jiha ba. Ni ɗan Gehuru ne fa, ranka ya daɗe, nake kiran wani ɗan ƙauye.

Na biyu: yadda na faɗo

A tsakiyar daminar nan ne, lokacin da ake fito da albasar ajiya don ta yi kuɗi. An kwana ana ruwa, tasha duk ta zama caɓi. Ana lodin wata gingimari, na ga 'yan dako suna jera buhuna ba yadda nake so ba. Dillali aikinsa baki ne, yana ƙasa yana nuni da yatsa. Ni kuwa, da tumbina da furfurata da takalmin fata mai santsi, na ce su kauce in hau in koya musu. Na hau lafiya. Na ɗaga hannu zan fara jawabi, buhun da na taka ya zame, na sauko ba ta hanyar da na hau ba.

Ƙwaurina na hagu ya karye, ƙashin ya huda fata ya leƙo waje, kuma a cikin laka na faɗi. Mutane suka rugo. Allah ya saka musu da alheri, ba wanda ya tsaya kallo. Wani bawan Allah da ya fito daga masai a lokacin, da butarsa a hannu, shi ya fara isowa, ya juye mini sauran ruwan a kan ciwon don ya wanke laka. Wasu suka jawo guga daga rijiya suka yi ta kwarara mini har jinin ya yi fari-fari. Sannan mai shayi ya ɓare kafso ja-da-yalo ya barbaɗa garin a cikin raunin, kamar yadda kowa ya san ana yi. Ina kwance ina ihu ina sa musu albarka. Har yanzu ina sa musu, don abin da suka sani suka yi, da ruwan da aka tanadar musu.

Na uku: kafso

Aka ɗauke ni a a-kori-kura zuwa Aliero wurin mai ɗori. Ba sai na gaya maka ba, duk ƙasar nan an san hannun mutanen Aliero a kan ƙashi. Dattijon ya ja ƙafar, ya daidaita, ya ɗaure da karare, ya bar wurin raunin a buɗe don a riƙa wankewa. Da na ɗan samu sauƙi, na ce ni ba zan kwanta a gidan mutane kasuwa tana wuce ni ba. Na sa aka mayar da ni rumfar tasha aka shimfiɗa mini tabarma, ina dillanci daga kwance, ana wanke mini ciwo safe da yamma da ruwan rijiyarmu mai albarka.

Ciwon ya ƙi rufewa. Ya fara ruwa, ya fara wari, zazzaɓi ya sauko mini. Ban damu ba, don a tasha ba ma tsoron ciwo muddin mai tallan magani yana nan da tirensa. Kai ma shaida ne a kan yadda muke da kafso. Mai ciwon ciki ya sayi biyu, mai mura ya sayi biyu, direban da zai yi doguwar tafiya ya haɗiye ɗaya da shayi don kada wani abu ya same shi a hanya. Masu kawo dabbobi kasuwar Jega suna ɓarewa a ruwan shan maruƙa. Ni kaina na yi shekaru ina karya kumallo da ja-da-yalo, ina gaya wa mutane shi ne sirrin muryata.

To na sha ja-da-yalo, ba labari. Na koma ja-da-baƙi, ba labari. Na sha fari mai tsaga a tsakiya, na sha wani da aka ce daga kudu ya zo. Na sa aka yi mini allura a wani kantin magani a Jega. Ƙafa sai ƙara kumbura take, har ta kai 'yan rumfa suna matsawa da tabarminsu a hankali, mutanen da suke cin tuwo a kan buhun ruɓaɓɓiyar albasa. Da na koma wurin mai ɗori, ya kwance tsumma ya duba. Sannan ya ce, "Ni ƙashi nika ɗorawa, ɗana. Wanga ruwa da ka hitowa ba aikina na ba. Ku tahi asibiti tun da sauran rana." Allah ya ba shi lada, bai riƙe ni ba.

Na huɗu: abin da aka gani a faranti

A asibitin nan aka ɗebi mugunyar ciwon aka kai ɗakin gwaji. Likitan da ke duba ni mutum ne mai haƙuri, da ya ga na cika shi da tambaya sai ya sa aka kawo mini abin in gani da idona. Wani ɗan faranti ne mai murfi. Ashe shuka ƙwayoyin cutar suke yi a ciki, kamar yadda muke yafa irin albasa a fangali, su jira su tsiro. Sai su ajiye 'yan ƙananan takardu, kowace ɗauke da magani iri ɗaya. Maganin da ke aiki, za ka ga kewayensa fes, ba abin da ya tsiro. Nawa farantin kuwa, ranka ya daɗe, ƙwayoyin sun tsiro har kan takardun. Ja-da-yalo sun haye shi. Ja-da-baƙi sun haye shi. Takarda ɗaya tak suka kauce wa, ta wata allura da ban taɓa jin sunanta ba, wadda sai da Hassi ta sayar da sauran albasar ajiyata kafin aka fara yi mini ita.

Na tambaye shi wace irin cuta ce wannan, daga wace ƙasa ta zo. Ya ce ba baƙuwa ba ce. Ƙwayoyi ne da ke zaune a hanjin kowa, suna fita tare da bayan gida, kuma a hanji ba kasafai suke ɓarna ba, sai sun samu hanyar shiga inda ba wurinsu ba, kamar buɗaɗɗen rauni ko ƙashi. Wato, in faɗa maka ba kunya tunda kunyar ta riga ta ƙare, kashi ne a cikin ƙafata. Ni da ba na fita sai na shafa turare.

Ya ce abin da ya sa magani ba ya kama su kuwa shi ne irin shan da muke yi masa. In mutum ya sha biyu ya bari, raunanan ƙwayoyin su mutu, masu taurin kai su rage, su hayayyafa, har su koya wa 'yan'uwansu taurin kan. Na gane wannan da wuri, don na ga irinsa. Baƙo in ya shigo tasharmu sai ya toshe hanci idonsa ya kawo ruwa, mu kuwa ko a jikinmu. Haka ƙwayoyin cikinmu suka saba da kafso. Duk wanda ya shiga masan nan, ɗan gari da baƙo, ya bar nasa horarrun a rami. Damina ta zo, rami ya cika, ƙasa ta jiƙe, abin ya tsiyaya gangare.

Da na ba shi labarin rijiya, ya ce a kawo ruwanta. Malam Sahabi ya je ya ɗebo a kwalbar da asibiti suka ba shi, aka shuka shi ma. Ƙwayoyin hanji suka tsiro, kuma magungunan da na ƙafata suka haye, su ma su suka haye. Likita ya ce ba zai rantse cewa su ne ainihin waɗanda suka shige ni ba, amma in ba su ba ne to 'yan ɗaki ɗaya ne. Tun ranar nake tunanin wani abu da ke ba ni dariya yana ba ni takaici. Na fi kowa shan kafso a tashar nan, na fi kowa ziyartar masan nan saboda alfahari da shi. Ba mamaki a cikin masu cin ƙafata akwai waɗanda ni na yi kiwonsu da kuɗina, suka zagaya ta rijiya suka dawo gida.

Na biyar: maganin da kuka ba rijiya

Nan ne ƙorafina yake, ranka ya daɗe. Haƙa masai a inda aka haƙa shi kuskure ne na mu duka, har da mai rawa. Amma bayan an sani fa?

Malam Sahabi ya zo ya same ka a gaban 'yan kwamiti, ya gaya maka duk abin da likita ya ce, ya roƙa a rufe masan ko a hana ɗibar ruwan kafin a gyara. Ka karɓe shi da mutunci, ka ba shi goro, ka ce za a duba. Da ya ga shiru ya sake komowa, ranar kasuwar Jega, ya bar hatsin da yake sayarwa a hannun wani. Sai ya tarar an shafa wa bakin rijiyar farar ƙasa, ta yi kyau ƙwarai. Kuma aka ba shi labari da murna cewa kwamiti ya sayi kwali guda na ja-da-yalo, an tara jama'a bayan sallar la'asar, an zauna an ɓare shi ɗaya bayan ɗaya an zazzage a cikin rijiya, an yi addu'a. Ka ce masa, "Ka gaya ma Garba shi kwantar da hankalinai, mun ba rijiya magani."

Da na gaya wa likita, sai ya cire tabarau ya dafe goshi. Ya ce garin kwali ɗaya a cikin ruwan rijiya ba zai kashe komai ba, kuma ƙwayoyin da ke ciki dama sun riga sun fi ƙarfinsa. Abin da kuka yi kawai shi ne kun ƙara wa waɗanda ba su gama koyo ba darasi. Ni kuwa na yi dariya har ɗaurin ƙafata ya motsa, don na san da ina tsaye da ƙafafuna ranar, ni zan riƙe taron, in kira ka likitan rijiyoyi. Da dariyar ta wuce sai haushi ya taso mini, kuma har yanzu bai kwanta ba. Masai yana nan a buɗe. Ana ajiye buta a bakin rijiya, ana yar da guga a ƙasa a sake jefa shi ciki. Mai shayi da mai fura da mai wankin kwanukan tuwo duk a nan suke ɗiba. 'Yan dako kullum cikin yankewa da gurjewa suke, kuma duk wanda ya ji ciwo da wannan ruwan za a wanke masa. Yanzu ma sun fi sakin jiki da shi, tunda an ce an ba shi magani.

Abin da nake roƙo

Ba diyya nake nema ba, ba wanda ya tura ni kan mota. Ina roƙon a rufe masan nan a cike raminsa, a haƙa wani can gangare, nesa, inda mai buta zai yi tafiya. Tafiyar ba za ta kashe kowa ba, ni da za a ba ni ita yau da gudu zan karɓa. Ina roƙon a kira ma'aikatan lafiya su sa a yashe rijiyar, su zuba mata abin da ya dace da ruwa, su gwada ta kafin a koma sha. A ɗaga bakinta, a yi mata murfi, a rataye mata guga ɗaya da ba ya taɓa ƙasa. Kafin nan a sanar a masallaci cewa ruwan sha da na wanke ciwo sai an tafasa, don likita ya ce duk taurin kan ƙwayoyin nan ba su san wuta ba. Sannan mai tallan magani, a zauna da shi cikin mutunci, ya daina sayar da kafso bibbiyu kamar alewa. In kuna neman mai shela, muryata ba ta karye ba.

Ranka ya daɗe, a nan na ajiye alƙalami ɗazu don likitoci sun shigo zagaye. Sun kwance ƙafar, sun duba hoton da aka ɗauka, sun yi magana da Turanci a tsakaninsu, sannan nawa likitan ya ja kujera ya zauna, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce allurar ta yi aikinta, ta kashe zazzaɓin, ta tare cutar ba ta hau sama ba. Amma ƙashin ya riga ya mutu tun lokacin da nake rumfa ina gwada launin kafso. Gobe za a yanke, ƙasa da gwiwa kaɗan.

Na so in yi wani barkwanci ban samu ba. Na yi kuka a gaban Hassi, kuma ba ta tuna mini da abin da ta faɗa ranar buɗewa ba, wannan ya fi komai yi mini ciwo. Ina jin tsoro, ba zan ɓoye maka ba. Ban san yadda dillali ke bin mota da sanda ba, ban san yadda zan tsaya a sahu ba.

Malamin da ke zagaya marasa lafiya ya ce gaɓar mutum ba a yar da ita, naɗe ta ake yi a farin ƙyalle a binne. Malam Sahabi ya ɗauki nauyin kai ta Gehuru. Ya tambaye ni ko akwai wurin da nake so, na ce ko'ina, amma ya auna da idonsa, ya yi nisa da rijiyar gari, kuma a gangare. Ruɓaɓɓiya ce, tana ɗauke da abin da take ɗauke da shi, ba na so wani ya sha ta. Ita da ta taka rawa a bakin taku rijiyar, ga shi za ta kwanta inda ya kamata. Saura ramin da ta yi wa rawa.

Allah ya ƙara maka lafiya da girma, ya ba ka ikon gyarawa tun kafin a kawo wani ya hau gadon da ke kusa da nawa. Allah ya tsare iyalinka da duk mai sha daga hannunka, ya bar ka da ƙafafunka biyu har ƙarshen rayuwa. Ina gaida 'yan dako, a ce musu jerin buhunansu daidai yake.

Wassalam.

Naka,
Garba Lasifika na Gehuru,
mai ƙafa biyu zuwa gobe.